Gwangwanin Ma'aji

Ni ce ma'aji, ba don na fi iya lissafi ba,
Habila ne ya ce hannuna ba ya rawa.
Mu bakwai ne, 'yan aji biyar na sakandare,
bayan makarantarmu da kwata mai cin kowa.
In an kwana ruwa a Kurmin Mashi,
'yan firamare kan tsaya bakinta suna dubawa.
Bara ta haɗiye takalmin ƙanena Tasi'u,
wari guda. Ɗayan na ƙarƙashin gado, ba mai sawa.

Sai Malama Hansatu ta zo da takarda:
ga tallafin matasa, in kuna da abin ginawa.
Fom shafi tara, kowane layi da tarkonsa,
mun cika a shagon kwamfuta, wuta na ɗaukewa.
Layi na shida ya ce mutum nawa za su amfana,
muka tsaya bakin kwata ran Litinin muna ƙirgawa:
ɗari biyu da sha ɗaya, har da mai wankin hula,
da akuya uku da Barira ta hana rubutawa.
Muka sa siminti buhu ashirin, rodi da yashi,
a farashin Janairu, yadda muka jiyo a kasuwa.

Shiru. Azumi ya wuce, Ista ta wuce,
gabas ta fara haɗa gira tana tsawa.

Ran da kuɗin suka faɗo wayar Malama
muna tsakiyar gwaji, ba mai motsawa.
Dubu ɗari uku cif! Barira ta rangaɗa guɗa,
har shugaban makaranta ya leƙo yana tsawatawa.
Kashegari na isa shagon mai siminti,
buhun da na sani ya kusa ninkawa.
Na zauna kan bulo na sake bugawa sau uku,
gadarmu ta takarda ta tsaya tsakiyar ruwa.

Wani kawu ya ja ni gefe, murya ƙasa-ƙasa:
ya san mai rasit, ko nawa ne yana bugawa.
A yi rabi, a ɗau hoto ta gefe mai kyau,
masu kuɗin suna Abuja, ba su zuwa.
Ban ce masa komai ba, babba ne.
Na dai danne murfin gwangwanina har yana ƙarawa.

Baban Habila mai walda ne a Panteka,
ya turo guntayen ƙarfe da ya ce ba ya sayarwa.
Masu Keke biyu suka yi jigilar yashi
tsakanin azahar da la'asar, lokacin da ba kowa.
Iya Laraba ta dama kunun tsamiya bokiti guda,
mai wankin hula ya ajiye hula ya kama kwaɓawa.
Asabar huɗu. Tafin hannuna ya yi kanta,
Inna ta ce wannan karatu ne ko dakon tsakuwa?

Ga rahoto yanzu a gabana, gida-gida,
gidan siminti, gidan rodi, gidan sa hannun mai karɓa da mai bayarwa.
Na duba sama da ƙasa, ba gidan kunu,
ba gidan ƙarfen da mai shi ya ƙi kuɗi da rantsuwa.
Saura naira ɗari uku da hamsin a gwangwani,
na tambayi Malama, ita ma ba ta san hanyar mayarwa.

Gadar ba ta kai faɗin da muka zana ba,
in baro ya hau, sai mai ƙafa ya jira wucewa.
Jiya an yi ruwa. Tasi'u ya tsallaka a guje,
bai ko kalli ƙasa ba, takalmansa ba jiƙewa.
Allon suna kuwa kuɗinsa ya tafi a siminti.
Amma daren da muka zuba, kafin ya gama bushewa,
akuyoyin da Barira ta cire daga lissafi
sun bi ta kai, sun bar kofato, ba mai gogewa.