Ninki Goma

Shekara sha tara ke nan a shagon Ammu Salmin,
can ƙuryar Balad, bayan layin masu turare,
inda Jidda ke zufa har bayan sallar isha.
Aikina guda: in kafa madubi a ido,
in kama lu'ulu'u da hantsaki, in nemo aibinsa.

Ninki goma madubin ke ƙarawa,
ba tara ba, ba ashirin ba. Haka ƙa'idar take:
abin da ninki goma bai tona ba, an yafe shi.

Akwai dutsen da za ka leƙa har wuyanka ya ƙage,
garau, kamar ruwan da aka tace sau bakwai.
Irinsa sau biyu na taɓa riƙewa, hannuna na rawa.
Ƙasa da shi mai ɗigo ɗaya, bai kai kashin ƙuda ba,
sai ka kifa shi kafin ka kama shi.
Sai mai gashin tsuntsu, mai allura, mai gajimare,
har a gangaro kan wanda yaro ma
zai hango tabonsa daga bakin ƙofa.
Duk matakalar da ka sauka, riyal na zubewa.
Nauyi ɗaya, launi ɗaya, yanka ɗaya,
amma wannan kuɗin mota, wancan kuɗin firji.

Ran Talata Goggo Dudu ta zo daga Karantina,
zobenta ƙulle a bakin mayafi.
Ta ce mai gidan ne ya saya, shekarar da ya bar dako.
Yanzu haya ta taru.
Na duba. Baƙin ɗigo a tsakiyar fuska,
ga tsaga ta taso daga gefe.
Na ce dubu huɗu. Da babu su, da sha biyar.

Ta ce, ba ni in gani.
Ta daɗe, ido ɗaya a runtse, tana lalube.
Can ta yi dariya: to ai na ƙasa ne ke nan,
ba irin wanda ake dafawa a inji ba.
Mutumin bai yi min ƙarya ba.
Ta mai da shi bakin mayafi, ta ƙulle sau biyu.
Ban ji yadda ta ƙare da mai haya ba.

Abin da ban faɗa wa Ammu Salmin ba:
tun azumin bara idona na dama ya fara yana.
Kowane dutse na ɗauka, sai in ga gajimare,
sai na koma na hagu in tantance
nasa ne ko nawa.
Jiya na kusa karya farashin wani mai tsabta
da laifin da ke cikin kaina.

Likita ya ce bayan Hajji.
Kafin nan ina goge madubin da gefen riga,
ina gogewa,
kamar a nan dattin yake.