Matakala Ɗari da Sittin da Biyu

Na hau tudun da kwamfuta goye a baya kamar jinjiri,
matakala ɗari da sittin da biyu, na ƙirga,
can ƙasa jiragen ruwan Valparaíso na gunji a bakin teku.

Doña Herminia ba ta ce min sannu da zuwa ba.
Albasa ta miƙo min, da wuƙa.
"Yanka tukuna. Wanda bai zub da hawaye a ɗakin girkin nan ba
ba shi zai ba da labarinmu ba."

Shekara goma sha ɗaya suna dafa wa tsofaffin tudu wake.
Ofishinsu littafi ne mai tabon mai,
da lambar wayar Baltasar a jikin bango
wadda ruwan sama ya lashe rabinta.

Na shimfiɗa takarda bisa buhun dankali,
na zana ɗakunan gidan da ba a gina shi da tubali:
nan sunan ƙungiya, nan tarihi,
nan maɓallin gudummawa, ja wur, ƙato,
nan kuma hotuna.

"Hoton wa?"

Na ce na masu ci. Fuska ce ke kwance bakin aljihu.

Ta ajiye ludayi.
Shirun da ya biyo baya ya fi tukunyar zafi.
"Don Anselmo shekara talatin yana gyaran injin jirgi.
Har yau sai ya goge takalmi kafin ya karɓi kwanonsa.
Ba zan shanya yunwarsa a kasuwar duniya
don wani a ƙetare ya ji sanyi a ransa ba."

Mako uku muna ja-in-ja.
Nélida na son ruwan ɗorawa, Baltasar shuɗi,
aka kaɗa ƙuri'a da ƙwayar wake,
kore ya ci, wanda babu mai ƙaunarsa.
Sabis sai a kan rufi, gefen tankin ruwa,
can nake tsugune cikin dare,
kyanwar maƙwabta na taka min haruffa.
Kalmar sirri ta ɓace sau biyu.
Ta uku, Herminia ta rubuta ta ƙarƙashin gwangwanin gishiri.

Daga ƙarshe ƙofofi na ɗauka.
Ƙofa kawai, ba mai ita.
Ta kwano, ta katako, mai fenti yana saɓa,
ƙasan kowacce adadin matakalar
da kwanon wake ke hawa kafin ya iso.

Daren Alhamis muka saki shafin.
Na zaci duniya za ta yi sallama.
Baƙi bakwai aka samu,
biyar daga ciki ni ne.

Kwana tara shiru.
Sai saƙo daga Malmö, ba ko sisi a ciki:
"Ƙofar nan mai matakala tamanin da huɗu,
mai faci da gwangwanin mai a ƙasa,
ni na buga facin ina ɗan shekara sha biyar.
Mahaifiyata tana raye?"

Herminia ta karanta sau biyu, leɓenta na motsi.
Ta kwance ƙyallen girki,
ta karɓi wayata ba ta roƙa ba,
ta kama hawa, hannu ɗaya a gwiwa.
Ban bi ta ba.
Na tsaya ina juya wake kada ya kama,
ina ƙirga mata matakala a zuci.

Da ta sauko, rana ta faɗa teku,
idonta ja, ta ce hayaƙi ne.
"Ƙara wa rubutun girma,
tsohuwar na son ta karanta da kanta.
Jan maɓallin nan naka kuma,
bar shi, amma saukar da shi ƙasa,
ya jira a gama gaisawa."

Ta sake miƙo min albasa.