Idon Ruwan Sharga

Na ƙirga gawa goma sha tara kafin hantsi,
bareyi masu hanci kamar zabira,
sun sandare a kwarin Sharga,
ƙanƙara ta ɗinke musu gashin ido.
Ungulu ta sauka, ta gwada, ta haƙura,
naman ya fi ƙarfin bakinta.

Na durƙusa. Biro ya ƙi rubutu, sai fensir.
Ta goma sha tara: mace ce, da ciki,
gyambo a dasashi, majina ta toshe hanci,
zawo ya daskare mata a cinya.
Na yanki saifa, bai kai ɗan yatsa ba,
na rufe kwalba, na ba ta lamba
tunda ba ta da suna.

A Ulanbator an koya mini sunan cutar
da harsuna uku.
Ba wanda ya koya mini
yadda ake shiga tantin mahaifi da allura a hannu.

Baba Gombosuren ya miƙo shayi mai gishiri,
bai dubi akwatina ba.
Tun kaka awakinsa ke tari.
Bakwai ya jibga wa duwatsu a bayan tudu,
ko maƙwabci bai ji ba.
Ya ce, "Ulzii, in sun tambaya, kyarkeci ne."
Na ce, "Baba, kyarkeci ba ya sa tari."
Tukunya ce kawai ta ci gaba da magana.

Da asuba na iske shi a garke.
Shi ya riƙe ƙaho, ni na nemi jijiya,
yana kiran kowace da launinta, yana lallashi,
kamar ranar da ya kai ni makaranta.
Kwalba arba'in. Na cusa su cikin rigata
don kada jinin ya daskare.
Kwana biyu a mota, rami bayan rami,
jinin awakin da suka biya kuɗin karatuna
yana shan ɗumin haƙarƙarina.

Tsutsar ciki ta fi mutunci.
Ka ɗora ta ƙarƙashin madubi, ga ta,
ga ƙwanta, ka ƙirga, ka rubuta.
Kaska ma da ƙafafunta takwas take zuwa.
Amma wannan ba ta da fuska,
sai wani zare da ke hawa a allon na'ura
ƙarfe biyun dare,
ni da Batsukh mai gadi da ƙarar firiji.

Zaren akuya ya hau.
Zaren barewa ya bi sawunsa.
Da aka jera haruffansu
kamar an tsaga kara.

Na tuna idon ruwan da ba ya daskarewa,
inda nake fasa ɓawon ƙanƙara ina yarinya,
sawun kofato a kan sawun kofato,
na gida da safe, na daji da dare,
bakin kowa a wuri ɗaya.
Wa ya ba wa?
Na'ura ba ta san laifi ba, kama ta sani.

Takardar rahoto tana da gurbi: sunan mai garke.
Na ɗaga fensir, na ajiye, na wanke kofi,
na dawo.
Na rubuta shi cikakke, har da sunan kakana.

Da ƙanƙara ta narke motocin rigakafi suka zo,
aka shafa wa kowace akuya shuɗi a goshi,
aka hana shi sayarwa wata huɗu.
Bai zo bikin sabuwar shekara ba.
Bai aiko da busasshen cuku ba.

Sai jiya, waya ta yi ƙara.
Iska na ji da farko, na san ya hau tudu,
wurin da ake samun layi.
Ba gaisuwa.
"Shida na gani a bakin ruwan," in ji shi,
"ɗaya da ɗa.
Na kai namu can gabas su sha.
Rubuta."

Na rubuta.