'Yan Ƙwadagon da Ba a Kai wa Fura

Na iso Sandamu da kwalabe shida a jaka,
da cokali, da alƙalamin rubuta suna,
in ɗebi ƙasar gonar Kawu Barmo
in kai ta Katsina a duba.
Ya dogara da ƙotar fartanya yana kallona.
"Baraka, tuwo ya ƙare a birni ne
har kun koma cin ƙasa?"

Da asuba ruwan farko ya sauka.
Ƙasa ta saki ƙamshin nan
mai sa akuya ta tsinke igiya.
Na ce, Kawu, wannan ƙamshi numfashi ne.
Akwai masu rai ƙarƙashin takalminka,
a cikin cokali guda
sun fi taron kasuwar Mai'aduwa ranar Lahadi,
sun ninka shi, sun sake ninkawa.

Ya dubi ƙasa, ya dube ni.
"Boko dai ya haɗa ki da aljanu."

Na dawo lokacin da gero ya kai ƙirji,
wake ya shimfiɗa tabarma tsakanin kunyoyi.
Na tuge tushe ɗaya, na karkaɗe.
Ga ƙulle-ƙulle a jikin saiwa
kamar duwatsun wuyan jariri.
Ya ce, "Cuta ce. Tun ina yaro nake ganin ta."
Na fasa guda da farce.
Cikinsa ja, jan dasashi.

Ga ɗakinsu, na ce.
A nan suke kamo abin da ke cikin iska
su dafa wa saiwa,
ita kuma ta biya su da ɗan zaƙi.
Ba a rubuta yarjejeniya ba,
ba a taɓa kai ƙara gun mai gari ba.

Ya karɓa, ya matso da shi kusa da ido.
Can ya ce, "Marigayi yakan ce
wake ke biyan bashin da gero ya ci.
Na ɗauka maganar tsofaffi ce."
Sai ya ɗaga kai wajen gawon nan
da ke tsaye tsirara tsakiyar damina,
hatsin gindinsa ya fi na ko'ina baƙi.
Bai tambaya ba. Na gyaɗa kai.

"Mi suke ci?"
Karan bara, kashin jaki, ganyen da ya faɗi,
sharar tsakar gida da Inna Delu ke zubarwa.
"Mi ke kashe su?"
Yunwa. Da wuta.
Da barin ƙasa fayau ga rana
ana zuba mata takin buhu kaɗai,
kamar mai ciyar da ɗa gishiri.

Ya yi shiru.
Shekara arba'in yana sassabe da ashana.

A Katsina, cikin ɗaki mai warin magani,
na ɗiga ruwan gonarsa a kan gilashi,
na sa ido a madubi.
Ga su nan, suna karkarwa, suna rabuwa biyu,
ba ido, ba baki, ba ranar hutu.
Sunayensu na littafi dogaye ne,
harshe na tuntuɓe a kansu.
A ƙasan takarda na rubuta: mutanen Kawu.

Bazara ta zo.
Gonakin maƙwabta suka tashi da hayaƙi,
tasa tana nan da karanta a kwance,
har Iro mai amalanke ya ce tsufa ya kawo ragwanci.
Da dare ya ari wayar jikansa ya kira ni,
muryarsa na yankewa:
"Ki shaida wa 'yan ƙwadagonki na bar musu kara,
na ƙara da mangala biyu ta juji.
In rumbu ya cika, mun gode.
In bai cika ba,
ke za ki auno mini gero da albashinki."

Kwalba ta shida ban kai ta awo ba.
Tana kan tagata.
Wani lokaci nakan ɗiga mata ruwa
in sunkuya in shaƙa.