Kwalin da Ke Ƙarƙashin Fijo

Kwana uku ina shimfiɗa kwali
ƙarƙashin Fijon da Baba ya bari.
Da asuba, kafin mai koko ta sauke tukunya,
in durƙusa in janyo shi.
Shekaranjiya ɗigo ɗaya, faɗin sidin ƙarfe.
Jiya ya kai tafin jariri.
Yau ya yi ƙane a gefe.

Na dangwala, na murza, na shinshina.
Ba ja ba ne irin na giya,
ba ruwan lagireto ba ne.
Baƙin mai ne, da ƙaurin tsohuwar tafiya.

Daga Aboabo zuwa Suame
idona ɗaya a kan titi, ɗaya a kan jar fitila.
Magazin ta tarbe ni da kukan ƙarfe,
ƙasarta ta sha mai har ta daina shan ruwa.

Na ce wa Masta Issaka, "Kaskon ƙasa ne, a sauya."
Bai ko sunkuya ba.
Ya goge yatsunsa tara da tsumma, ya ce,
"Haɓa ce ke ɗigar da hawaye,
amma ka taɓa ganin haɓa ta yi kuka?
Mai daga sama yake gangarowa,
iska ta kore shi baya,
ya je ya ɗora wa marar laifi laifi."

Ya kira Kwadwo, yaronsa.
Kananzir, buroshi, ruwan omo.
Dauɗar shekara talatin ta bi kwata.
Muka bar injin ya sha rana,
muka ci shinkafa da wake a ganye,
ba wanda ya yi maganar kuɗi.

Sai ya ɗauko hodar jarirai,
ya barbaɗe injin fari fat
kamar mai shirin zuwa suna.
"Tayar."
Na tayar. Muka tsaya.
Minti goma ba komai sai rawar fanka.
Can, a kusurwar baya ta murfin bawul,
wani baƙin zare ya ɓullo cikin farin,
siriri, a hankali,
kamar mai jin kunyar a gan shi.

Da aka ɗaga murfin
gasket ɗin ya karye a hannu kamar ƙanzo.
Ƙarƙashinsa jan gam, an shafa da yatsa,
kauri a nan, babu a can,
ga noti ɗaya da ba ɗan gidan ba.
Masta ya ce, "Wane gwani ne ya yi wannan?"
Na san yatsan.
Na tuna wata Lahadi, da fitilar da na riƙe masa,
ina hamma, yana cewa matso da ita.
Ban amsa ba.

Na zaci an gama. Ina!
Ya zare wani tiyo, ya sa a baki ya hura,
kumatunsa suka cika, iska ta ƙi wucewa.
"Ga mai laifin.
Injin da aka toshe wa numfashi
sai ya nemi ƙofa inda fata ta fi taushi.
Sa sabon gasket goma, zai fasa goma."
Kwadwo ya zura waya, ya fito da baƙin tauri
kamar tsohuwar daddawa.

Aka kankare bakin ƙarfen har ya yi ƙyalli.
Sabon gasket ya kwanta.
Ya miƙo mini sifana:
"Fara daga tsakiya. Wannan, sai na ƙetarensa.
Kada ka nuna masa ƙarfi,
riƙon hannun tsoho ake yi masa."

Sidi ɗari da tamanin, har da na Kwadwo.

Daren nan an yi ruwa a Kumasi.
Da asuba na janyo sabon kwalin:
ba komai,
sai sawun kyanwa huɗu, na laka.
Na daɗe a durƙushe.
Tsohon kwalin yana bayan ƙofa,
Inna ta ce in yar, ban yar ba tukuna.