Shekarar Doki a Ƙasar Sin

Sunana Pei Wanlu, ƙaramin magatakarda,
mai niƙa tawada tun zakara bai farka ba,
a ɗakin da ake naɗe shekaru cikin takarda.
Babban malami ya faɗa, ni in rubuta;
abin da bai faɗa ba, in kora shi da shayi.

Da bazara ya ce: rubuta,
runduna ta hau arewa, ta tarwatsa mahayan jeji.
Na rubuta. Layi biyu, ko ɗigo bai ɓaci ba.
Gao Shun bai sami shiga layin ba,
ɗan maƙwabciyata, mai tura amalanken gero
da takalmin ciyawa a ƙafa.
Tuta ta dawo, ganga ta dawo.
Uwarsa har gobe tana ɗumama masa shinkafa,
in ta huce ta juye wa kare.

Da damina ya ce: rubuta,
an yashe babbar hanyar ruwa,
jiragen hatsi na bin juna kamar jerin tururuwa.
Na rubuta. Ban tambayi wa ya ɗauki lakar ba.
Na dai ga tsoho Niu a bakin kasuwa,
ruwa ya cinye masa yatsun ƙafa uku,
yana taya kan kifi da kwabo ɗaya.

Sai kaka ta zo da abin da ya cika bakin gari.
Daga Bangala, ta teku, aka sauke wata dabba,
wuya kamar hasumiya, jiki zane-zane,
tana tafiya kamar mai tsoron taka ƙwai.
Fadawa suka zube: dabbar albarka ce,
ba ta bayyana sai ƙasa ta ƙoshi da adalci!
Masu zane suka zo, masu baiti suka zo,
har mai karɓar haraji ya share hawaye.

Aka aike ni da igiya in auno tsayinta.
Na tarar da mai kiwonta, Kanai, baƙo siriri,
haƙoransa na kaɗawa, bakinmu ba ɗaya ba.
Ya nuna mini harshenta, baƙi wuluk, ya fi kamu,
ya nuna waken da ta ƙi, ya nuna kudu,
ya kwatanta ƙaya da yatsunsa.
Na gane. Ganyen garinsu take so.
Bargonsa ɗaya ne, ya ɗaura mata,
bai rufe ko rubu'in wuyan ba.
An ce baƙo raɓa ne;
waɗannan biyun babu ranar da za ta ɗauke su.

Washegari na kai masa bargon matata,
wadda tari ya tafi da ita a wata na uku.
Ya karɓa da hannu biyu.
Ya dube ni, ya dubi dabbar,
ya jingina tsani ya hau.

Da ƙanƙara ta sauka malami ya ce: rufe shekara.
Rubuta: lafiya ta game ƙasa, sama ta aiko shaida.
Na zaɓi alƙalamin gashi mafi laushi, na rubuta.

To amma littafi sai da bango,
bangon kuwa ni ke liƙa shi da ragowar takarda.
A can ciki, inda babu mai karatu sai gara,
na sa Gao Shun da amalankensa,
na sa Niu da yatsunsa bakwai,
na sa Kanai, na sa Qiaoniang matata,
na sa dabbar, ba kirari:
doguwa ce, tana jin sanyi, ba ta son wake.

Na shafa ƙullun shinkafa, na danne da dutse.
Kwana uku, malami ya ɗaga littafin, ya jinjina,
ya ce, bana shekarar ta yi nauyi.
Na ce, ranka ya daɗe, takardar ce mai kauri.