Shuni a Porto

Ermelinda ta baje mayafin tebur a baranda,
can ƙasa kogin Douro na tafiyar hawainiya.
Ga tabon man zaitun, daren da Abílio ya yi dariya
har kwano ya kife.
Ga zoben kofin gahawa, ranar da likita ya kira.
Sabulu ya yi iya yinsa, ya sallama.

Ta tafasa ruwa, gishiri da garin shuni,
ta tsoma, tana juyawa da cokalin katako.
Yatsunta suka riga ƙyallen rinuwa.

Da ya sha iska a igiya, gahawa ta nutse.
Man kuwa ya ƙi,
yana nan kamar tsibiri.
Ta ɗora farantin jikarta a kansa,
ta tsaya,
sai ta matsar da farantin gefe.